Ɗinkin hannu a jikin bel: ado ne, ƙarfi ne, ko rufa-ido?

Da zarar Sallah ta gabato sai hotunan bel su cika WhatsApp da Facebook a Bauchi, kowanne da rubutu a ƙasansa: fata zalla, ɗinkin hannu. Kuɗin da ake faɗa yakan ninka na waɗanda ake ratayewa a bakin kasuwar Wunti sau uku ko huɗu, wani lokaci ma ya wuce haka. Daga nan gardama take tashi a majalisa. Wani ya ce cuta ce tsagwaronta, zare ai zare ne, ko hannu ya ɗinka ko keke. Wani ya ce a'a, ɗinkin nan shi ne ran bel, in babu shi ba zai yi wata biyu ba. Kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. To mene ne ainihin aikin zaren nan da ke bin gefen bel, kuma yaushe ya cancanci a biya kuɗinsa?

Abin ya taɓa cina, shi ya sa na damu da shi. Na sayi wani bel ruwan ƙasa mai farin zare jere reras, mai kayan ya rantse mini aikin hannu ne. Bai cika wata uku ba ya dare a daidai rami na uku, inda nake ɗaurewa. Da na buɗa tsagar da farce sai ga wani abu kamar kwali a ciki, an lulluɓe shi da leda sama da ƙasa. Zaren kuwa yana nan lafiyarsa ƙalau, ko gezau bai yi ba. Ranar na fahimci cewa ba ƙarfi zaren ya ƙara wa bel ɗin ba, asirinsa yake rufewa.

Fata daban, leda daban

Kafin a zo kan zare sai an san abin da aka ɗinka. Kalmar leda daga sunan fata a Turanci muka aro ta, amma a bakinmu yau roba take nufi, kuma yawancin bel masu araha ita ce. Ana samun yadi ko matsattsen garin fata da aka cuɗa da gam, a shafe samansa da roba, a buga masa zanen da zai yi kama da fata. Irin wannan ba ya tsufa, ɓarewa yake yi. Rubutun Turanci da ake bugawa a bayansa cewa fata ce ta gaske bai isa shaida ba, domin ko ɓarɓashin fata aka manna ana iya buga shi.

Ita kuma fatar gaske iri biyu ce ta fuskar jima. Akwai jimar gargajiya da majemanmu suka gada, wadda ake yi da bagaruwa bayan an tuge gashi da ruwan toka. Tana ɗaukar kwanaki, kuma fatar takan fito da tauri da ƙamshin da duk wanda ya taɓa shiga rumfar baduku ya san shi. Akwai kuma jimar masana'anta da sinadarin kurom, wadda ta yaɗu a duniya tun bayan 1884 da aka yi mata rajista a Amurka. Tana da sauri, fatarta tana da laushi, in ka yanka ta za ka ga cikinta ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Mafi yawan fatar duniya a yau da ita ake jeme ta. Amma wajen bel, ta bagaruwa da danginta sun fi dacewa, don ba sa miƙewa da wuri, suna riƙe ramin basilla, kuma gefensu yana goguwa ya yi santsi.

Allura biyu, ƙoshiya da ƙugiya

Keken ɗinki zare biyu yake aiki da su, na sama da na ƙoshiya. Na sama yana nutsawa ya sarƙo na ƙasa a tsakiyar fata ya koma sama, na ƙasa kuma yana nan a ƙasa har ƙarshen layi. Kowanne da ɗan'uwansa ya dogara. Tun 1846 aka yi wa wannan dabara rajista, kuma ba abin rainawa ba ce, ita ta tufatar da duniya. Illarta ɗaya: in zare ya tsinke a wuri guda, sai na kusa da shi su fara sakin jiki, ka ja bakin zaren ya biyo ka.

Ɗinkin hannu na allura biyu ba haka yake ba. Zare ɗaya ne dogo, da allura a kowane bakinsa. Na zauna na kalli wani dattijon baduku yana yinsa a ƙofar gidansa cikin gari. Ya danne fatar tsakanin gwiwoyinsa, ya fara jan zaren a jikin dunƙulen kakin zuma sau uku har ya yi tauri yana ɗan ƙara. Sai ya huda da basilla, allurar dama ta shiga ta ɓullo hagu, ta hagu ta bi ramin nan dai ta ɓullo dama, sannan ya ware hannuwansa biyu ya ja lokaci ɗaya. Kana jin ɗan sautin zaren yana kwanciya cikin fata. Gefen ƙananan yatsunsa duk kanta ce, nan zaren yake ci. Na ce, "Baba, in zaren nan ya tsinke fa?" Bai ce mini komai ba, ya ɗauko wani guntun da ya gama, ya sa wuƙa ya yanke ɗinki ɗaya ya miƙo mini. "Ja mu gani, ɗana." Na ja har yatsana ya yi ja, layin bai motsa ba.

Dalilin a fili yake. Kowane rami zare biyu ne suka ratsa shi, suna musayar gefe kamar ana rubuta lamba 8 a kwance. In ɗaya ya yanke ɗayan yana riƙe, ga kaki ya manne su da fata. Wannan ne ɗinkin da masu haɗa kayan doki suka dogara da shi a ko'ina, domin majayi ko linzami in ya warware ana cikin sukuwa, rai ne a ciki. Kamfanin Hermès na Faransa, wanda ya fara a 1837 da ɗinkin kayan doki, har yau da wannan ɗinkin yake tinƙaho a jakunkunansa masu tsadar gaske.

Akwai na uku da mutane ba su cika lura da shi ba, wato ɗinkin ƙugiya irin na masu gyaran takalma da ke yawo da akwati. Ƙugiyar tana shiga ta jawo zare, a zura wani zaren cikin madaukin, a ja. Da hannu aka yi shi, babu ƙarya a nan, amma gininsa irin na keke ne sak, kuma yadda na keke yake warwarewa haka shi ma. Saboda haka mutum zai iya ce maka ɗinkin hannu ne bai yi ƙarya ba, kai kuma ba ka sami abin da kake zato ba.

Abin da ya sa ado ya shiga jinin dukancinmu

Bel irin na Turawa asalinsa tsiri ɗaya ne na fatar sa mai kauri, milimita 3 zuwa 4. Irin wannan ba ya bukatar ɗinki ko kaɗan sai a wurin da aka naɗe kan ƙarfe. Duk zaren da ka gani a gefensa ado ne kawai.

Mu kuwa gwanintarmu a fatar akuya da ta tumaki take. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa tsallaka Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Wani matafiyi Baturen Jamus mai suna Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu suke cikin manyan hajojin da ake fitarwa daga birnin. Fatar akuya tana da kyan fuska, tana shan rini, amma siririya ce. Ba za ta yi bel ita kaɗai ba, sai an ninka ta ko an shimfiɗa ta a kan ƙirgi. Da zarar fata ta zama hawa biyu, ɗinki ya zama tilas. Shi kuma baduku tunda dole ya ɗinka, sai ya ƙawata. Daga nan salon adonmu ya tsiro: ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, ga koren korino da ake yankawa ƙanana a jera. Wani ya yanke zane a fatar sama don launin ta ƙasa ya leƙo, wani ya tsaga fata siriri kamar zare ya yi saƙa da ita, wani ya ɗaye fuskar rinanniyar fata da bakin wuƙa har zane ya fito.

Duk wanda ya tsaya kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Bauchi ko ta Gombe ya ga wannan aiki da idonsa a jikin dawakai, da kuben takubba, da takalman mahaya. Haka gafakar Alƙur'ani da tumtum na ɗakin amarya, har da guru da kambu da ake ɗinke laya a ciki. Ɗamara ba baƙuwarmu ba ce. Baƙon shi ne bel mai kan ƙarfe da ramuka, wanda ya zo da wando da kakin soja da kayan makaranta. Matasan da ke sa dagi ko saƙar fata a jikin bel yau ba sabon abu suka ƙirƙiro ba, aikin kakanni suka sauya wa mazauni, kuma ni ina ganin wannan abin a yaba ne ƙwarai.

Inda ado yake zama illa

A nan masu cewa ɗinki shi ne ƙarfin bel suke kuskure. Kowane ɗinki rami ne, kowane rami kuma rauni ne a jikin fata. Ku duba littafin rasit: an jera ƙananan huji a layi ne don takarda ta yage daidai nan. Haka fata take. In aka jera ɗinki ya gitta faɗin bel daga gefe zuwa gefe, an zana masa inda zai tsinke ke nan. Ƙwararre yana bin tsawon bel da ɗinkinsa, ko a wurin kan ƙarfe ma layi biyu yake yi a tsaye ta gefe-gefe, ba ya gittawa. Na ga bel masu kyan gaske da aka yi wa zanen dagi cunkus a kusa da ramukan ɗauri, inda fata ta fi shan lanƙwasa da ja. Mai shi zai ji daɗin kallo, amma daga nan zai fara mutuwa.

Haka in ramukan suka matsu da juna fiye da kima, ko suka kusanci baki sosai, ko aka ja zare da ƙarfi har ya yanki fata. Zaren roba siriri ya fi kowanne wannan ɓarna. Zaren da ya kwanta a sarari kuma madaukan wando suna gogarsa kullum, shi ya sa mai sanin aiki yakan fara jan ɗan kwari a fatar, ko ya bubbuga ɗinkin bayan ya gama, don zaren ya nutse.

Lissafin da mai saye ba ya yi

A ɗauki bel mai tsawon santimita 110. Gefe biyu, santimita 220 ke nan. In tsakanin rami da rami milimita 4 ne, ɗinki 550 ake magana. A ƙaddara kowanne ya ci daƙiƙa 20, da huda da zurawa da ja, an haura awa 3 ana abu ɗaya, kai a sunkuye. Ba a sa yanka ba, ba a sa fere gefe da goge shi ba, ba a sa rini da jiran ya bushe ba, balle zanen ado. Keke zai gama layin nan biyu kafin shayi ya huce.

Saboda haka in baduku ya faɗi kuɗi, yininsa yake sayarwa. Ga zare mai kyau da kan ƙarfe, galibinsu daga waje suke zuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki Naira a tsakiyar 2023 kuɗinsu da na mota suka yi sama. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutumin da zai biya kuɗin hular zanna bukar ba tare da ya yi ƙorafi ba, don ya san allura ce ta yi ta, shi ne zai tsaya yana taya bel ɗin hannu da kuɗin na leda. Wahalar iri ɗaya ce, ta baduku ma ta fi cin yatsa.

Ga dabbobi, ina fatar?

Mutum zai yi mamaki a ce fata tana tsada a jihohin da kasuwannin shanu suke ci mako-mako, daga Azare da Soro har Gombe. Amma fatar sa tun a mahauta take da mai jiranta, domin ganda abinci ce, ana loda ta zuwa Kudu, mu ma nan muna ci. Mai ganda yana biya nan take, kuma bai damu da ko wuƙa ta huda fatar ba. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata ta tarayya da ke Samaru a Zariya, wato NILEST, ya yi maganar neman dokar hana cin ganda don a ceto masana'antar fata, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Ni ban ga yadda za a raba talaka da abin da ya saba sawa a miya da doka ba. Fatun awaki da tumaki masu kyau kuma dillalai suna kwashe su zuwa manyan majemun Kano na Sharaɗa da Challawa, daga can da yawa su wuce Turai da Asiya, wasu su dawo mana a matsayin takalmi da jaka.

Wadda ta rage ma sau da yawa mun riga mun ɓata ta da hannunmu. Kaska da ƙirci suna bar mata tabo tun dabbar tana raye, ga shaidar wuta da makiyaya suke yi, ga ƙaya. Ranar layya kuma kowa ya zama mahauci, a yi fiɗa cikin gaggawa a tsattsaga fata, a yar da ita a rana babu gishiri har ta fara wari kafin masu karɓa su zo. Jaka ana iya haɗa ta da guntaye, amma bel yana bukatar tsiri ɗaya mai tsawon fiye da mita wanda babu tabo ko huji a jikinsa, kuma daga gadon baya, domin fatar ciki saki gare ta. Yanka ɗaya na ganganci a bayan sa ya kashe bel uku ko huɗu.

Masu keke ma suna da hujja

Ba adalci ba ne a mai da keke abokin gaba. Uban da zai saya wa yara biyar bel na makaranta ba ya neman abin da za a gada, yana neman abin da aljihunsa zai ɗauka. Masu sana'a a Aba da Kano suna fitar da bel da yawa a keke, kuma in fatar ta gaske ce, zaren mai kauri ne, zai yi shekaru yana aiki. Bel ɗin keke a kan fata mai kyau ya fi na hannu a kan ruɓaɓɓiyar fata nesa ba kusa ba. Matashin da ya sayi keke don ya riƙa fitar da goma a rana ya ciyar da gidansu bai ci amanar sana'a ba.

Cin amanar yana wurin suna. In aka sayar da aikin keke da sunan na hannu, mai saye ya yi asara sau ɗaya, amma baduku na gaskiya ya yi ta har abada, domin gobe in ya faɗi kuɗinsa za a ce ai wancan ma haka ya ce. Da haka yaran gidan dukawa suke ajiye basilla su kama acaɓa ko sayar da waya, kuma hannun da ya san yadda ake jan zare daidai ba a wata shida ake samunsa ba.

Abin dubawa kafin a miƙa kuɗi

Juya bel ɗin ka dubi bayansa, can gaskiya take. In zaren sama fari ne tun daga farko har ƙarshe, na baya kuma baƙi ne ko ya fi siranta, to ba allura biyu ba ce, domin a ɗinkin allura biyu zaren da ke sama shi ne yake komawa ƙasa a rami na gaba. Keke kuma yakan bar sawun haƙoransa a gefen layi. Ɗinkin hannu yakan ɗan kwanta a karkace, kuma in ka ƙura ido za ka ga ɗan bambanci nan da can, amma kada ka dogara da karkata kaɗai, akwai kekunan da suke kwaikwayonta.

Sannan ka leƙa cikin ramukan ɗauri, don nan ne kaɗai ba a iya shafe cikin bel da fenti. Fata za ka ga zare-zarenta a cunkushe, launi kusan ɗaya. In ka ga hawa-hawa da fari-fari kamar yadi ko soso, ajiye shi. Lanƙwasa shi ka shinshina. Wanda ya damu da abin da yake sallah da shi, musamman a kayan gwanjo, ya duba shafin ciki: fatar alade tana da ƙananan ɗigo uku-uku a tare. Hukuncinta kuma sai a tambayi malamai.

In Allah ya sa ka dace da na kirki, maƙiyansa biyu ne a ƙasarmu. Hunturu yana busar da shi har ya tsage, sai a ɗan shafa masa man kaɗanya kaɗan a goge da tsumma, kada a yi masa wanka da mai don zai saki. Damina kuma fumfuna take kawo masa, sai a rataye shi inda iska take, in ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa. Ranar da zare ya gaji, a mai da shi wurin baduku. Zai zare tsohon ya bi ramukan nan dai da sabo, ba sai ya sake huda ko ɗaya ba.